Ɗan Jira Ni a Layi, Baba

Ranar Talata da hantsi mai wanki ta shiga ɗakin Malama da kwandon kaya, ta same ta zaune a ƙasa tsakanin gado da tebur, ta rungume kwamfutarta a ƙirji, bakinta ya karkace gefe ɗaya. Ihun mai wankin ne ya fito da mu duka, tun daga hawa na huɗu har ƙasa, wasu da cokali a hannu, wasu da kumfar sabulu.

Malama tsohuwar shugabar makaranta ce. Rabin waɗanda suka girma a benenmu ita ta koya musu riƙe fensir, kuma har gobe idan ta yi tari a matakala sai ƙatti su gyara tsayuwa. Kafin motar asibiti ta iso ta samu ta gaya mana abin da ya faru, kalma ɗaya yanzu, ɗaya an jima. Wani ne ya kira ta da safe, mai ladabin murya, ya ce shi injiniya ne daga kamfanin da ya ƙera kwamfutarta. Wai cuta ta shiga na'urar, kuma ɓarayi na gab da kaiwa ga asusunta. Ya ce ta danna nan, ta danna. Ya ce ta karanto lambar da aka turo mata, ta karanto. Kafin shayinta ya huce, duk abin da ta tara a shekara talatin da biyar na koyarwa ya tafi.

Ita ce ta uku cikin wata guda. An yi wa tsohon direba na hawa na biyu, an yi wa ungozoma ta hawa na huɗu. Dukansu mai kiran ya faɗa musu irin na'urarsu, da ranar da aka kai ta gyara, da abin da aka canja a ciki, shi ya sa suka yarda da shi. Kuma dukansu wuri ɗaya suka kai gyaran, shagon mijina da ke ƙarƙashin matakala.

Ban san wanda ya fara haɗa wannan lissafin da baki ba. Na dai ga idanu sun juyo kaina ɗaya bayan ɗaya, har da na matan da jiya-jiya suka aro min tukunya.

Da azahar ɗan Malama ya dawo daga asibiti. Ƙato ne, makanike, hannunsa ɗaya ya isa ya rufe fuskar mutum. Ya fizge allon shagon ya karya shi a gwiwa, ya shaƙo wuyan rigar mijina.

"Kai ka sayar da uwata! Wa ya san ranar da ta kawo gyara in ba kai ba?"

Yayana ne ya shiga tsakani. Shi ne sakataren kwamitin gidan, kuma shi ya raine ni tun rasuwar iyayenmu, shi ya nema mana ɗaki da shago a benen nan bayan aurena. Ya yi ta ba da baki har aka tsayar da magana. Za a rufe shagon, a karɓe wayar mijina, ya zauna a ɗaki kada ya fita. Ranar Asabar da la'asar za a yi taro. Idan ba a sami wani mai laifin ba, za a miƙa shi ga 'yan sanda, ni kuma in kwashe kayanmu daga gidan.

"Iyakar abin da na iya samo muku ke nan, Auta," in ji Yaya, yana share gumi. "Kwana huɗu."

Na yi masa godiya har da hawaye.

Mijina kuwa ko uffan bai ce ba. Mutum ne da idan ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri, kuma wannan halin da na aure shi dominsa, a ranar ji na yi kamar in kwaɗa masa murfin tukunya. Na ce ya rantse, ya yi ihu, ya yi wani abu. Ya zauna a bakin gado yana juya ɗan sukudireba a hannu.

* * *

A can ƙololuwar bene, kusa da tankin ruwa, akwai wani tsoho da muke kira Kawu Layi. Shekara talatin ya yi a kamfanin tarho, zamanin wayar da ake ja bisa turaku. Aikinsa bin sawun matsala. Idan layi ya mutu, shi ake turawa ya bi shi turke bayan turke, ya hau ya maƙala abin sauraro a kunne, har ya gano inda ya tsinke ko inda wani ya saci layi. Tun da matarsa ta rasu ba ya shiga harkar kowa. Na hau wurinsa ne ranar Laraba da safe saboda na rasa wurin zuwa.

Na same shi a kujerar roba, waya a kan tebur ya sa ta a sifika, ga wata tsohuwar kwamfuta a buɗe gabansa. Ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna min tabarma.

"Baba, ka ga madannin da nake faɗa?" Muryar saurayi ce, mai taushi kamar ta ma'aikacin banki. Irin wadda Malama ta kwatanta mana.

"Ina nema, ɗana," Kawu ya ce da wata rawar murya da ban san shi da ita ba. "Tsaya in sa tabarau. Af, wannan na matata ne, Allah ya jiƙanta. Ita da shi take zura zare a allura. Ka san ta iya ɗinki? Bari in ɗauko nawa."

Bai motsa daga kujerar ba. Ya ɗauki kofinsa ya kurɓa, ya duba agogo, ya rubuta wani abu a takarda. Sai da minti biyar suka wuce ya ja kujerar a ƙasa don ta yi ƙara.

"Yauwa, na dawo. Me ka ce sunanka ma?"

Haka suka yi ta yi har kusan awa guda. Kawu ya karanta haruffa a juye, ya ba shi labarin ciwon gwiwarsa, ya tambaye shi ko mahaifiyarsa na da rai. Da saurayin ya fara huci, sai Kawu ya sako zancen kuɗin sallamarsa da ya ce yana nan a asusu bai taɓa ba, yana tsoron kada cutar ta cinye. Nan take muryar ta koma zuma. A ƙarshe Kawu ya ce cajinsa ya ƙare, a kira gobe.

"Su ne?" na tambaya.

"Su ne. Yau kwana huɗu muna tare." Muryarsa ta dawo daidai. "Wata biyu da suka wuce na kai wa mijinki kwamfutar marigayiya, ya ce ta mutu ba ta tashi. Ga ta nan, ko fitila ba ta kawowa. Amma sun san irinta, sun san ranar."

"Kawu, mutane na kwance a asibiti kai kana wasa da su?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Duk awar da yaron nan ya ɓata a kaina, wata tsohuwar ce ta tsira da ita. Jiya na je karɓar magani, ban ɗauki kiransa ba. Wa ya kira a madadina?"

Na tuna Malama. Kunya ta kama ni, sai kuka ya zo. Ya bar ni na yi abina bai lallashe ni ba.

"Mijinki ne?" ya tambaya da na gama.

"Wallahi ba shi ba ne."

"Kowace mace haka za ta ce. Tashi mu bi layin mu gani."

* * *

Ni zargina yana kan Baba Maigadi. Shi ke da lambar kowa a gidan, yana zaune daf da ƙofar shago yana ganin mai shiga da mai fita, ga shi kuma makon jiya ya fito da sabuwar waya mai ƙyalli. Muka same shi a rumfarsa. Kawu ya zauna kusa da shi, ya yaba wayar, ya ce a nuna masa yadda ake tura saƙo.

Baba Maigadi ya yi dariya. "'Yata ce ta aiko min. Ni kore na sani da ja. Kore in ɗauka, ja in kashe. Ko sunana aka rubuta a jikinta ba zan gane ba."

"To lambobin mutanen gida fa?"

Ya nuna bangon rumfar. Kowa da hannunsa ya rubuta tasa da gawayi, shi kuma ya zana alama a gefe, mota ga direba, jariri ga ungozoma. Kawu ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya miƙe.

"Lamba kowa na iya samu," ya ce da muka yi gaba. "Ranar gyara ba ta jikin bango."

Ungozoma da ƙyar ta buɗe mana, kuma ni ko kallona ba ta yi ba. Na ɗauka Kawu zai tambaye ta abin da aka kwashe. Bai ko nufi wajen ba.

"Da kuna magana, ya taɓa cewa ki jira shi?"

"Sau biyu. Ya sa min wani kiɗa."

"A kan me?"

Ta yi tunani. "Na farko na ce ban san lambar sirrin intanet ɗin gidan nan ba, jikata ce ke sa min. Ya ce in jira ya duba a na'urarsu. Ya dawo ya faɗa min daidai."

"Ya daɗe?"

"Har na sauke ruwan zafi na juye a fulas."

Tsohon direba ma haka. Ya manta wace ƙofa ce ta caja a jikin kwamfutarsa bayan gyara, aka sa masa kiɗa, aka dawo aka ce ta hagu ce, ta dama an toshe ta. Ya faɗi haka yana kallona da jajayen idanu. "Wa ya toshe ta? Ki je ki tambayi mijinki."

A matakala Kawu ya tsaya yana haki, ya nuna min takardarsa. Layi-layi ne na lokaci, minti uku, minti huɗu, minti uku.

"Ni ma duk tambayar da na yi masa game da gidan nan sai ya sa min kiɗa. Na'ura ba ta ɗaukar minti uku kafin ta ba da amsa, 'yata. Minti uku lokacin da mutum ke ɗauka ne ya ji wayarsa, ya nemi gefe, ya amsa ƙasa-ƙasa."

"Ke nan akwai wanda yake kira."

"Akwai. Kuma yana hawa matakalar nan."

Daga nan zargina ya koma kan ɗan Malama. Shi ya sa wa uwarsa manhajar banki a waya, shi ya san abin da ke ciki, kuma ya fi kowa ɗaga murya. Na faɗa wa Kawu. Ya ce in riƙe zargina a ciki kada ya zube, domin da irinsa aka rufe mana shago.

* * *

Ranar Alhamis da yamma Kawu ya sauko rungume da matacciyar kwamfutar, yana cewa zai kai ta wani shago a kasuwa. Ya zaɓi lokacinsa. Ɗan Malama ya shigo ke nan da kwanukan asibiti, Baba Maigadi yana shara a ƙasan matakala, mai wanki na hawa da kwando, Yaya kuma yana tsaye da takarda yana karɓar sa hannun masu zuwa taro. Ni ina bayan Kawu.

Saura taki uku ya kai ƙasa, sai ƙafarsa ta goce. Kwamfutar ta suɓuce ta daki siminti. Yaya ya tare shi, ɗan Malama ya ɗauko ta ya buɗe. Gilashin ya tsage daga kusurwar hagu ta sama har tsakiya.

"Wayyo kayan marigayiya," Kawu ya ce, kamar zai yi kuka. "Na fasa zuwa. Mayar min da ita ɗaki."

Ni kaina na tausaya masa. Sai da muka shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa na ga yana murza gwiwa yana murmushi.

"Su nawa suka gani?"

"Huɗu. Da ni biyar."

"Mijinki fa?"

"Yana ɗaki, ba waya."

"Kada ki gaya masa."

Washegari da ƙarfe goma suka kira. Wannan karon Kawu ya wuce gona da iri. Ya bar saurayin a layi ya je ya yi wanka na gaskiya. Ya dawo ya ce akwai ƙuda a kan madannai, ba zai danna ba sai ya tashi. Ya sa shi maimaita harafi ɗaya sau bakwai. Saurayin ya gaji ya miƙa wa wani da ya kira babban injiniya, mai kaurin murya da gajeren haƙuri. Awa biyu da rabi ina zaune a tabarma, ƙafata ta yi sanyi, ina tuna gobe Asabar.

"Akwai ɗan akwati a sama, Baba. Ka danna shi."

"Ban gan shi ba."

"A sama! Ka duba sama!"

"Sama duhu nake gani, ɗana."

"Ba ta hagu ba, tsoho! Na san hagun ya tsage, ka bar wajen tsagar ka duba dama!"

Kawu ya ɗago ido ya dube ni. Tun da aka fara kiran bai ambaci faɗuwar ba, ko da wasa.

"To, to, na gani," ya ce da rawar muryar nan. "Amma yanzu jiri nake ji. Gobe da la'asar ka kira, mu gama gaba ɗaya, in huta da tsoron kuɗin nan."

Da ya kashe na ce, "Ba zai kira ba. Ka ƙure shi."

"Zai kira. Da a ranar farko na yi masa haka, da ya zage ni ya tafi. Amma wanda ya zuba kwana shida a kanka ba ya iya sakinka. Gani yake saura ƙiris."

Na sauko da gudu in gaya wa mijina ya kusa fita. Na ce masa ɗaya daga cikin mutum huɗu ne, na lissafa su, na ce ni dai na san ɗan Malama ne. Ban ga farin ciki a fuskarsa ba.

"Ka ji ni kuwa? Littafin da kake rubuta gyara, wa ke taɓa shi? Wa kake bar wa shago in ka tafi sayen kaya?"

"Ki bar maganar nan."

"In bar ta? Gobe za a sa maka ankwa!"

"Na ce ki bar ta. Ko an kai ni, za su bincika su sake ni."

Na faɗa masa maganganun da har yau nake jin nauyinsu. Na ce shi ba haƙuri ke gare shi ba, mutuwar zuciya ce. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tashi ya wanke kofunan da ke kwatami.

* * *

A farfajiyar ƙasa aka yi taron, inda ake ajiye babura. An jera bencina uku da tebur ɗaya. Mijina aka zaunar shi kaɗai a kujera yana fuskantar jama'a. Ɗan Malama ya tsaya a bakin ƙofar fita ya harɗe hannu, ya riga ya gaya wa kowa cewa likita ya ce hannun uwarsa na dama ba lallai ya dawo ba. Na zauna a ƙarshen benci na gaba. Yaya ya buɗe taro, ya ba Kawu dama kamar yadda ya roƙa, sannan ya zo ya matsa kusa da ni saboda wurin ya cika.

"Kada ki ji tsoro, ina nan," ya ce min.

Kawu ya ajiye kwamfutar da wayarsa a tebur. Bai yi dogon bayani ba. Ya faɗi zancen kiɗan, ya faɗi zancen tsagar, ya ce wanda ke cikin ɗaki ba waya ba zai iya kai labarin abin da bai gani ba.

"Matarsa ta gani!" wani ya ce daga baya.

"Ta gani," in ji Kawu. "Shi ya sa ita za ta fara. Kowa ya kawo wayarsa nan."

Aka yi gunaguni, amma aka kawo. Na ajiye tawa, Baba Maigadi ya ajiye mai ƙyallinsa, mai wanki ta kwance tata daga bakin zane, Yaya ya ajiye tasa, ɗan Malama ya wurga tasa har ta zame. Wayoyi kusan talatin, fuskokinsu a sama.

"Za su kira ni yanzu. Zan tambaye su abin da ba su da shi. Za su sa min kiɗa su nemi mutuminsu. Mu kuma mu zuba ido mu ga wadda za ta yi haske. Wanda ya yi tari, shi ne."

Ƙarfe huɗu ta wuce da minti goma. Mutane suka fara motsi. Na dubi mijina, kansa a ƙasa. Sai wayar Kawu ta yi ƙara.

Babban injiniyan ne, ya sabunta ladabinsa. Kawu ya gaishe shi, ya gode masa, ya ce yau a shirye yake, ga katin bankinsa a hannu. Sai dai kwamfutar ta rufe kanta tun da ta faɗi, tana neman lambar sirrin da mai gyara ya sa mata, shi kuma bai riƙe ba.

"Ya dai rubuta a littafinsa, na gani da idona. In babu ita sai mu haƙura, ɗana, in je bankin da ƙafata ranar Litinin."

"A'a, a'a, kada ka je. Ɗan jira ni a layi, Baba."

Kiɗan ya fara, wani siririn sauti mai maimaita kansa. Ungozoma ta toshe bakinta da mayafi da ta ji shi. Duk muka zuba wa teburin ido.

Babu wadda ta yi haske.

Ni kaɗai na ji. Wani ɗan kaɗawa ne a gefen cinyata ta dama, inda aljihun wandon Yaya ya matse da jikina. Ya yi, ya tsaya, ya sake yi. Da farko na ce jijiyata ce ke harbawa. Na dubi teburin, ga wayar Yaya can kwance, baƙa wuluk, wadda na sani, mai tsagaggen murfi. Abin ya sake kaɗawa.

A cikin wannan ɗan lokacin komai ya zo min. Yaya ne ke zama a shago duk ranar da mijina ya tafi sayen kaya, yana cewa gara shi da a rufe. Mijina ya sani, ko ya yi zato, tun ranar Talata. Saboda ni ya yi shiru.

Na juya a hankali. Yaya yana kallon gaba, gumi na bin gefen kunnensa. Ya sa tafin hannu ya danne aljihun. Bai dube ni ba, leɓensa kawai ya motsa.

"Auta."

Mutumin da ya bar makaranta don ni in yi. Wanda ya goya ni zuwa asibiti da na karye, ya tsaya a matsayin uba ranar aurena. Na ji ina son sa a lokacin fiye da kowane lokaci.

"Minti biyu," Kawu ya ce a hankali, idonsa a agogo.

Ɗan Malama ya saki hannayensa. "An gama wasan tsofaffi? Ba wadda ta yi haske saboda wayar ɓarawon tana kulle a durowar kwamiti." Ya taka zuwa kujerar mijina. "Tashi."

Mijina ya miƙe. Ya dube ni sau ɗaya, ya girgiza kai kaɗan yadda ba wanda zai lura, yana ce min in yi shiru. Ya miƙa wa ɗan Malama hannayensa biyu.

Ban san lokacin da na tashi ba. Muryata ta fito ƙarama, amma farfajiyar shiru take.

"Yaya, ana kiranka."

Ba wanda ya gane da farko. Sai Kawu ya zagayo teburin ya tsaya gabansa, ya miƙa hannu. Yaya ya daɗe a zaune. Sannan ya zaro ta, 'yar ƙaramar waya mai madannai da ban taɓa gani ba, tana ta kaɗawa a tafinsa. Kawu ya danna kore, ya sa sifika. Kiɗan na ci gaba a tebur, muryar kuma ta fito daga nan, ba ladabi ko ɗigo.

"Kai, ina ka shiga? Tsohon nan mai fasasshen gilashi ya kusa kashe ni. Duba hoton littafin surukinka ka ba ni lambarsa, yau za mu kwashe shi."

Abin da ya biyo baya hayaniya ce, kuma ban riƙe da yawa ba. Na san Baba Maigadi da direba ne suka riƙe ɗan Malama. Na san mijina, wanda aka shaƙe ranar Talata, shi ya tsaya gaban Yaya ya kare shi da jikinsa har 'yan sanda suka iso. Na ji Yaya yana ce wa wani da farko sun ce masa talla kawai za su riƙa turawa, daga baya kuma ya kasa fita. Da za su wuce da shi ta gabana ya sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar.

Kawu ya tattara kwamfutarsa. Ya kama matakala yana hawa da ƙyar.

Aka miƙo wa mijina makullin shago da wayarsa. Mutane suka yi ta zuwa suna ba shi hannu, suna kauce wa idona. Sai aka tsaya ana kallon juna, domin matar Yaya ba ta sauko taron ba, tana sama tana girki, kuma babu wanda ya yarda ya hau. Mijina ya ce zai je. Na ce a'a.

Hawa uku ne, na yi su kamar talatin. Na ƙwanƙwasa. Ta buɗe da ludayi a hannu, fuskarta cike da fara'a.

"Auta! Na ji hayaniya. An wanke mijinki ko? Ai na gaya miki, muddin Yayanki na numfashi ba mai taɓa ku."

"An wanke shi," na ce. "Kashe wutar, Anti, ki zo ki zauna."